Baba Kambai, Mai Shanya Tanti a Handsworth

Duk safiyar Litinin, kafin motocin bas su cika da 'yan makaranta, Baba Kambai ya riga ya ɗage ƙofar shagonsa da ke wani lungu a unguwar Handsworth ta birnin Birmingham, ya kama aikin da ba mai sha'awarsa: warware tantunan da aka dawo da su a jiƙe. Kowa ya san halin ƙasar nan, ruwan sama ba ya neman izini. Mutum zai karɓi tanti ranar Juma'a fes da shi, ya dawo da shi da laka da ciyawa, wani lokacin har da dodon koɗi a manne. Baba sai ya kafa kowanne a tsakiyar shago, ya share cikinsa, ya duba ɗinki da zif, ya tattara turakun, sannan ya rataye shi a igiya ya sha iska. Doka ɗaya gare shi, kuma ba ya sassauta ta ga ɗan fasto ko ɗan liman: tanti ba ya wuce mako guda a hannun mai haya. In kana so ka ci gaba da riƙewa, kawo wannan, ya ba ka busasshe. Ya ce tantin da aka bari da danshi funfuna yake yi, funfuna kuwa ƙirji take ci.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Yatsunsa sun sandare, allura ba ta zama a hannunsa, gwiwa kuma ta ce ba za ta ƙara hawa tsani ba. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi wani abu tun yana ji da kunnensa, don mu mutane ne masu ajiye yabo sai an dawo daga maƙabarta.

Asalinsa maɗinkin tamfol ne a Kaduna. Da rikici ya cinye unguwarsu, shi da matarsa Celestina da 'yarsu Monica sun yi watanni a bariki, suna kwana ƙarƙashin irin tamfol ɗin da yake ɗinka wa motocin kaya. Ba ya son zancen wannan lokacin, ni ma ba zan tona ba. Daga baya Celestina ta samu aikin jinya a Birmingham, ya biyo ta, Allah ya ba shi aikin kula da ɗakin kaya a wata cibiyar matasa ta ƙaramar hukuma. Da aka buɗe masa ɗakin ya ga tantuna jibge, da takalman hawan dutse, da jakunkunan nan da ake shiga ciki a kwanta, sai ya tambaya wane bala'i ake jira. Aka ce masa ai na shaƙatawa ne. Ya koma gida ya ce wa matarsa, "Maman Monica, yau na ga abin mamaki. Masu gida da ɗumi suna barin gida su je daji su kwana a ƙasa, wai don jin daɗi."

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya raka yaran cibiyar tsaunukan da ke tsakanin Birmingham da Manchester, ya ga waɗanda ba su taɓa ganin tunkiya da rai ba suna tsalle a ciyawa, suna rigimar wanda zai buga turke. Abin da ya sani a matsayin alamar tashin hankali, ga shi ya zama wurin wasa. Tun daga ranar ya kamu da son aikin, kuma ya ɗaura aniyar sai mutanenmu sun ɗanɗana.

Mutanenmu kuwa ba su zo da sauƙi ba. Wani injiniya ya taɓa ce masa, "Haba Baba, na baro Funtuwa, na ƙetare teku, ina biyan bashin gida na mortgage, don in je in kwana a ƙasa kamar ɗan gudun hijira?" Baba ya yi dariya ya ce ya bari yaran su je, shi ya zauna ya tsare gidan kada ya gudu. Yaran ne suka jawo iyayen. A hankali ya zama duk lokacin zafi, iyalai daga Aston da Handsworth su haura, na Manchester da Salford su gangaro, a haɗu a tsakiya da tukwanen dafa-duka. Baba ne ke haɗa kayan kowa. In iyalin Musulmi ne, za su tarar ya saka musu buta da tabarma a jaka ba tare da an roƙe shi ba, kuma ya zaɓa musu tanti mai labule a tsakiya.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Waɗanda suka yanke shawarar daga London ba su taɓa ganin cibiyar ba, amma alƙalaminsu ya same ta. Aka rufe ta kamar yadda aka rufe ɗakunan karatu da wuraren renon yara, aka ce kayan a zubar. Baba ya ce ba a gabansa ba. Ya nemi izini ya kwashe su, ya kama wannan ɗan shagon mai sanyi kamar randa, ya ci gaba da ba da haya. Duk wannan mutane sun sani. Abin da ba su sani ba shi ne labarin Sunusi. Ba sunansa na gaskiya ke nan ba, kuma yayarsa ce ta ba ni izinin faɗa.

Wata Juma'a ce cikin Oktoba, lokacin da masu fita daji suka fara janyewa saboda sanyi. Wani mutum ya shigo, bai kai hamsin ba, rigarsa a goge, takalminsa na ofis. Ya yi magana da Turanci, amma kunnen Baba ya tsinci harshen gida a ciki, sai ya ce masa, "Sannu da zuwa, Malam." Mutumin ya ɗan yi turus kamar wanda aka kama, sannan ya amsa.

"Tanti nake so, Baba, na mutum ɗaya. Weekend kawai. Zan ɗan hau duwatsu in sha iska."

Baba ya dubi takalmin. Mai zuwa duwatsu yakan tambayi hanya, ya tambayi takalmi, ya tambayi ko za a yi ruwa. Wannan bai tambayi komai ba, sai dai ko tantin yana da launin da ba ya ɗaukar ido. Labarin zuciya a tambayi fuska. A shekarun nan tantuna sun fara tsirowa a ƙarƙashin gadoji da ƙofofin kantuna, kuma Baba ya san irin kallon da mutum ke yi wa tanti in shi ne zai zama gidansa, don shi ma ya taɓa yin sa.

Bai nuna ya gane ba. Ya ɗauko tanti mai launin ƙasa, ya haɗa da jakar kwana mafi kauri a shagon, da katifar soso, da ɗan risho, ya ce ai tare suke tafiya. Kuɗin da Sunusi ya miƙa, Baba ya karɓa, don ƙin karɓa daidai yake da ce masa asirinka ya tonu. Sannan ya karanta masa dokar shago: Juma'a mai zuwa a dawo da tanti, a karɓi busasshe.

Haka suka shiga hunturu. Kowace Juma'a Sunusi zai zo da jiƙaƙƙen tanti a kafaɗa, Baba ya riga ya ɗora shayi.

"Malam Sunusi, yaya duwatsu?"

"Duwatsu lafiya lau, Baba. Sai dai sanyi."

"Ai haka suke. Zauna, Maman Monica ta yi tuwo ya yi yawa, ka taimake ni kada ya lalace."

Tuwon Celestina dai bai taɓa yin yawa ba sai ranar Juma'a. In Sunusi ya tafi, Baba ya warware tantin, ba ƙamshin ciyawa, sai warin hayaƙin mota da baƙar laka. Ya wanke, ya shanya, ya ɗinke inda ya yage, zuciyarsa na ƙuna. A hirarsu Sunusi ba ya zancen kansa. Mutum ɗaya yake ambata, Yaya Kubura, likita a Salford, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta sayar da 'yan kunnenta ta biya masa jarrabawa. In ya ambace ta sai ya sunkuyar da kai.

Sau ɗaya Baba ya gwada. Ya ce ɗakin Monica na nan ba kowa tun da ta yi aure, kuma shi yana neman mai taya shi hira. Sunusi ya ajiye kofi, fuskarsa ta ɗaure, ya ce, "Na gode, Baba. Ina da flat ɗina." Juma'ar da ta biyo bai zo ba, ya kwana mako biyu a jiƙaƙƙen tanti don kada a sake yi masa tayin. Baba ya tsorata, ya kama bakinsa. Ya ga gara ya riƙe shi da zaren ƙaryar duwatsu da ya ja zaren ya tsinke.

Ƙarshen Fabrairu aka yi wani sanyi da har 'yan ƙasar suka yi ta salati irin nasu. Dusar ƙanƙara ta rufe tituna, aka rufe makarantu. Juma'a ta zo, shayi ya huce, Sunusi bai zo ba. Da gari ya waye Baba ya saka takalmin hawan dutse daga cikin na haya, ya bi gefen canal, ƙoramar nan da Turawan zamanin da suka haƙa wa jiragen kaya, ya nufi wajen Aston, don ya daɗe da sanin lakar wurin ce a jikin tantunansa. Yana tafe yana leƙa ƙarƙashin gadoji. Ya wuce tantuna na wasu bayin Allah, har ya hango wani mai launin ƙasa da faci a kusurwa. Ɗinkin hannunsa ne.

Ya durƙusa ya yi sallama, ba amsa. Da ya zuge zif ya tarar da Sunusi a ƙudundune, jiki kamar garwashi, numfashi na fita da ƙyar. Ya kira motar asibiti, ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe shi, ya rungume shi yana kiran sunansa har suka iso. Likitoci suka ce ciwon huhu ne, kuma da an ƙara yini da sai dai wani labarin.

A gadon asibiti ne duwatsu suka ƙare. Sunusi ya faɗa masa komai. Akanta ne a wata ƙaramar hukuma a yankin Manchester, shi da hannunsa ya yi ta lissafin rage ma'aikata har ragin ya iso kansa. Ya nemi aiki ya gaji, aure ya mutu, gida ya tafi. Ya kasa yawo a garin da ake kiransa Oga a masallaci, sai ya ce wa yayarsa ya samu aiki a Birmingham, ya taho inda ba wanda ya san shi. Duk mako yana kiranta a waya ya ce aiki ne ya yi yawa.

Ya kama hannun Baba ya ce, "Ka yi mini alkawari, Baba. Kada Yaya ta ji. Wallahi gara ta ji mutuwata da ta ji wannan."

Baba ya dubi idonsa, tausayi ya rinjaye shi, ya ce, "Na yi alkawari, ɗana."

Alkawari kaya ne, kuma wannan ya fi ƙarfin wuyansa. Bayan kwanaki aka fara zancen sallama, don ana bukatar gadon. Gidajen da ake ajiye marasa matsuguni sun cika, sai dai a shiga layi. Baba ya sake yin tayin ɗakin Monica, ya roƙa har da hawaye, Sunusi ya girgiza kai. Ya ce shi ba zai zama kaya a gidan kowa ba. Da Baba ya tashi tafiya sai Sunusi ya ce masa, yana tari, "Baba, ka ajiye mini busasshe."

Baba ya koma gida ya kasa cin abinci. Gaba kura, baya sayaki. Celestina ta zauna kusa da shi ta ce, "Baban Monica, shekara nawa ina jinya? Na ga huhun irin wannan. In ya koma bakin canal ɗin nan, ba zai ga Easter ba. Kai ka yi alkawari, amma gawa za ka cika wa shi."

"Ya yarda da ni, Maman Monica. Ba shi da kowa a garin nan sai ni."

"Shi ya sa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Gano gidan Kubura bai yi wuya ba. Hausawan ƙasar nan ƙauye guda ne, ka tambayi mutum biyu, na biyun ya san har kakar wanda kake nema. An ba shi lambar waya, ya ƙi amfani da ita. Inda ya tashi, ba a jefa wa mutum irin wannan labari ta waya kamar ana aiken cefane. Ana zuwa da ƙafa, a zauna, a gaisa, a dubi idon mutum. Ya saka kaftaninsa na zuwa coci, ya hau mota zuwa Manchester, ya shiga jirgin cikin gari zuwa Salford, duk hanya yana jin kansa kamar ɓarawo.

Kubura ta buɗe ƙofa ta ga dattijon da ba ta sani ba. Ta shigar da shi, ta kawo ruwa. Suka gaisa, ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ita kuwa da ta ga gaisuwar ta ƙi ƙarewa sai ta katse shi.

"Baba, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Hajiya. Don kada a rasu ɗin na zo. Ƙaninki yana asibiti a Birmingham. Ba shi da aiki, ba shi da gida. Tun Oktoba a tanti yake kwana, kuma ni ne nake ba shi tantin."

Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Ta nuna silin da yatsa ta ce, "Akwai ɗaki a sama, Baba. Babu kowa a ciki. Heater na kunne a ciki duk winter ɗin nan saboda kada bango ya yi danshi." Daga nan kuka ya ƙwace mata.

A motarta suka dawo. Da Sunusi ya ɗaga kai ya ga yayarsa a ƙofar ɗakin jinya, bai ƙara dubanta ba, ya juya ya dubi Baba. Ya ce, da muryar da ba ta fita sosai, "Na ɗauke ka uba. Ka tona mini asiri." Sai ya juya fuskarsa bango. Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu.

Kubura ta tafi da shi Salford. Ya warke, ko da yake tarin bai bar shi gaba ɗaya ba. Baba ya aika gaisuwa da Sallah, ba a amsa ba. Ya kira, ba a ɗauka ba. Abin ya ci shi ƙwarai, har ya rame. Celestina ta ce ya daɗe in Juma'a ta yi sai ya ɗauko kofi biyu, ya tuna, ya mayar da ɗaya. Kuma ba fushin kaɗai ke damunsa ba. Ya taɓa ce mini, "Wani lokaci ina tunani, da ban ba shi tanti ba tun farko, wataƙila sanyi ya kore shi gida tun Oktoba. Ban sani ba ko taimakonsa na yi, ko taya shi ɓuya."

Makon jiya, da labarin rufe shagon ya kai Manchester, Kubura ta zo. Ta tarar da shi yana naɗe tantunan da zai bai wa wata makaranta. Baba ya leƙa bayanta, ya ga ita kaɗai ce, ya yi kamar ba abin da yake nema. Bayan sun gaisa ya ce, "Yaya ɗan nawa?"

"Lafiya lau, Baba. Ya samu aiki, ya kama ɗan flat kusa da mu. Yaransa suna zuwa masa weekend." Ta murza bakin mayafinta. "Na ce ya zo mu taho tare. Ka yi haƙuri, Baba. Har yanzu ko sunanka ba ya so a ambata."

"Yana cin abinci? Ya yi ƙiba?"

"Har tumbi ya ajiye."

Baba ya yi dariya, ya share ido da bayan hannu, ya ce, "To ya isa. Ki bar shi ya yi ta fushinsa. Mai rai ne ke fushi."

Baba Kambai, kai ne ka kwana a ƙarƙashin tamfol cikin tsoro, ka tashi ka mai da tanti wurin dariyar 'ya'yanmu. Kai ne ka rufa wa mutum asiri muddin rufin na da amfani, ka yi ta tambayarsa labarin duwatsun da ka san bai taɓa hawa ba. Da ranar zaɓi ta zo, kai ne ka yarda ka zama maci amana a idon wanda kake ƙauna, ka ɗauki ƙiyayyarsa ka bar masa numfashinsa. Ba a ba ka lambar yabo ba, wanda ka ceta ma bai gode ba, kuma wataƙila ba zai taɓa godewa ba. To mu mun gode. Mun gode a madadin yayarsa, da yaransa da ba su zama marayu ba, da shi kansa, ko yana so ko ba ya so. Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya saka wa Maman Monica da alheri.

Mu kuma da muka rage, kunyar nan tamu da muke taƙama da ita ta kusa kashe mutum a ƙarƙashin gada, alhali ɗakin yayarsa na ɗumi ba kowa. Akwai irinsa da yawa a cikinmu, masu gogaggiyar riga da ke cewa lafiya lau. In ɗan'uwanka ya daɗe yana ce maka aiki ne ya yi yawa, kada ka tsaya ga waya. Tashi ka je ka ga inda yake kwana, ko da zai daina gaishe ka.